Habub Da Jiragen Soja: Darasi Daga Sudan

Duk wanda ya zauna a Bahri ko Omdurman ya san habub, wato guguwar ƙurar da ke rufe Khartum tsakanin watan Mayu da Satumba. Idan hadari ya haɗu, iska mai sanyi takan sauko daga gajimare da ƙarfi, ta bugi busasshiyar ƙasa, ta tayar da bangon ƙura wanda tsayinsa kan wuce kilomita 1. Mai tafiya a ƙasa sai ya shige gida ya rufe ƙofa. Matuƙin jirgi kuwa ba shi da wannan dama: titin sauka ya ɓace masa, iska tana sauya alkibla, ga shi ƙananan filayen karkara da jiragen soja ke sauka a kansu galibi ba su da na'urorin da ke yi wa jirgi jagora.

Sudan ta sha ɗanɗana wannan. A ranar 12 ga Fabrairu 1998, jirgin soja ƙirar Antonov ya zarce titin sauka a garin Nasir cikin mummunan yanayi, ya faɗa kogin Sobat. Mataimakin shugaban ƙasa, Zubair Muhammad Salih, yana cikin waɗanda suka rasu. A ranar 4 ga Afrilu 2001, guguwar ƙura ta yi sanadin faɗuwar wani jirgin soja a Adar Yel, inda ƙaramin ministan tsaro, Ibrahim Shamsuddin, ya rasu tare da manyan hafsoshi. Sai ranar ƙaramar Sallah, 19 ga Agusta 2012: jirgin haya da ya tashi daga Khartum da ministoci da hafsoshi ya bugi dutse kusa da Talodi cikin ƙura. Mutum 32 suka rasu, har da ministan harkokin addini, Ghazi al-Sadiq.

Ku lura, 'yan'uwa, duka jiragen uku manya suka ɗauko. Soja an horar da shi a kan bin umarni, don haka yana da nauyi matuƙi ya ce wa shugabansa a juya, ko a jira gari ya washe. Amma iska ba ta san muƙami ba.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka yake. Sai dai imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma ba tsoro ba ne. Shugaban da ya bar matuƙi ya yanke hukunci a kan yanayi ya kiyaye amanar rayukan da ke tare da shi. Haka ma fasinjan da bai matsa wa direba ya ratsa hazo ba.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu, Ya tsare matafiyanmu.