Bishop Brésillac: Wanda ya ajiye muƙami a Indiya, ya kafa ƙungiyar da ta kai Katolika Shendam

A shekarar 1855, wani bishop ɗan ƙasar Faransa mai suna Melchior de Marion Brésillac ya ajiye shugabancin Cocin Katolika na yankin Coimbatore a kudancin Indiya, bayan saɓani da 'yan uwansa Turawan mishan kan wanda ya cancanci riƙe ragamar coci a ƙasar da ba tasu ba.

An haife shi a garin Castelnaudary a 1813, ya zama limamin coci a 1838, sannan ya isa Indiya a 1842. Shekara huɗu bayan haka aka naɗa shi bishop. Abu biyu suka hana shi sakat. Na farko, yana son a horar da Indiyawa su zama limamai har da bishop-bishop, domin a ganinsa aikin baƙo shi ne ya raini magada ya ba su wuri. Na biyu, bai gamsu da yadda coci ke lallaɓa tsarin fifita mutane bisa asalin haihuwa ba. Da ya nemi hukunci bayyananne daga Rum bai samu ba, sai ya zaɓi murabus.

Murabus ɗin bai sa ya naɗe hannu ba. A ranar 8 ga Disamba, 1856, ya kafa Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka fi sani da SMA, a birnin Lyon, ya kuma zama shugabanta na farko. Dahomey ya so zuwa, amma Rum ta tura shi Saliyo. Ya sauka Freetown a watan Mayun 1859, lokacin da annobar zazzaɓin shawara ke lashe rayuka. Cikin mako shida cutar ta kashe shi, ranar 25 ga Yuni, yana da shekara 45. Kusan duk abokan tafiyarsa ma ba su tsira ba.

Ƙungiyar ba ta bi shi kabari ba. Fada Augustin Planque ya karɓi ragama, limamanta suka isa Ouidah a 1861, daga nan Legas, sai Lokoja a 1884. A 1907 suka kafa tasha a Shendam, a Jihar Filato ta yanzu, inda aikin Katolika ya fara kafuwa a arewacin kogin Binuwai.

Burinsa na ganin 'yan ƙasa a kan gaba kuwa ya daɗe bai cika ba. Sai a 1920, shekara 61 bayan rasuwarsa, aka naɗa Paul Emecete a Asaba, ɗan Najeriya na farko da ya zama limamin Katolika a ƙasar. A 2020 Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwar Brésillac, matakin da ke share hanyar ayyana mutum a matsayin waliyyi a tsarin cocin.