Ɗan New Bell da Digirin Lissafi

A unguwar New Bell ta Duwala ba a raina mai lissafi. Mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Duwala yakan juya naira zuwa sefa a ka tun abokin ciniki bai ciro waya ba, uwar adashe na riƙe da zubin mata da yawa ba ta ruɗe ba, malamin da ake kira rabon gado kuwa yana fitar da sumuni da sudusi kamar ruwa. Shi ya sa idan yaro ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare ya ce zai karanta lissafi da ƙididdiga a jami'a, sai ka ji mahaifi ya ce, "To, me ya rage a lissafi da za a kwashe shekara uku ana koyo? Wane aiki kuma zai ba ka?" Tambayar tana kan hanya.

Lissafin kasuwa amsa yake nema, na jami'a kuwa hujja. Ga misali daga Euler, masanin ƙarni na 18. Ɗauki lamba ka ninka ta da kanta, ka ƙara ita lambar, ka ƙara 41. In ka fara da 0 za ka samu 41, da 1 ka samu 43, da 2 ka samu 47: duk lambobi ne da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya. Haka za ka yi ta tafiya har 39 ba kuskure, har ka rantse ka gano doka. Kana saka 40 sai 1681 ta fito, wato 41 sau 41. Gwaji arba'in ya yi daidai, amma dokar ƙarya ce. Wannan ne darasin shekarar farko: ba a yarda da magana don ta sha faruwa, sai an nuna dalilin da ya sa ba za ta taɓa saɓawa ba. A nan ne yara da yawa da suka saba zuwa na ɗaya a sakandare suke karaya, don haddar ƙa'ida ba ta fitar da su.

Jami'ar Duwala, wadda aka kafa a 1993 lokacin da aka raba tsohuwar Jami'ar Yawunde aka samar da jami'o'in gwamnati shida, tana da sashen lissafi da ilimin kwamfuta a tsangayar kimiyya. Digirin farko, wato lisans, shekara uku ne, masta biyu, sannan dakta. Kuɗin rajista sefa dubu 50 ne a shekara, kuɗin da wani ɗan kasuwa ke kashewa a ɗinkin sallah. Abin da ke cin aljihu shi ne kuɗin mota, buga takardu da sayen kwamfuta. Karatun da Faransanci ake yi, amma littattafan zamani da manhajoji irin su R da Python suna jan ɗalibi zuwa Ingilishi, ko yana so ko ba ya so.

Ƙididdiga kuwa ita ce fannin da ke koya wa mutum yin hukunci alhali bai ga komai duka ba. Mai sayen buhun gero ba ya zazzage shi, soka yake yi ya duba abin da ya fito. Amma in ya ɗiba daga baki kawai, ba zai ga tsakuwar da aka ɓoye a ƙasa ba. Haka binciken jama'a yake. In aka zaɓi mutum 1,000 ta hanyar ƙuri'a, kuskuren sakamakon yakan tsaya wajen kashi 3 cikin ɗari, kuma don a rage shi zuwa rabi sai an tambayi 4,000, ba 2,000 ba. In kuwa zaɓin ya karkace, ko mutum miliyan aka tambaya bai gyaru ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙidayar 2005 ta ba Kamaru mutum kusan miliyan 17 da rabi, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake tsara inda za a gina aji da asibiti da famfo. Unguwa mai cunkoso irin New Bell, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyalai da yawa, ga baƙi da fatake masu shiga da fita, ga gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, tana da wuyar ƙirgawa. Wanda ya tashi cikinta ya fi kowa sanin inda takardar tambaya za ta yi tuntuɓe.

Batun aiki fa? Gaskiya lisans shi kaɗai bai cika buɗe ƙofa ba, tsani ne. A Yawunde akwai ISSEA, makarantar ƙididdiga ta ƙasashen ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya, ana shigarta ta jarrabawar gasa mai zafi, irin wadda ake shiga takwarorinta na Abijan da Dakar da ita. Akwai IFORD mai horar da masana yawan jama'a, da AIMS da aka buɗe a Limbe a 2013 don masta. Daga nan ake zuwa hukumar ƙididdiga ta ƙasa, bankuna, kamfanonin inshora da na waya irin su MTN da Orange. Mai son koyarwa sai ya nemi makarantar horar da malamai ta Yawunde ko ta Marwa.

Kada kuma a ce ilimin baƙo ne. Littafin aljabara na Al-Khawarizmi, da aka rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kaso mai yawa nasa kan gado da wasiyya yake. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan jadawalin lambobi da masana tarihin lissafi ke nazari har yau.

Sai dai shawarar karanta lissafi ba a bakin jami'a ake yanke ta ba. Bayan jarrabawar BEPC ta ƙaramar sakandare ake raba yara tsakanin adabi da kimiyya, kuma sashen C, na lissafi da fiziks, shi ne ya fi shirya ɗalibi. Yawancin iyaye ba sa jin labarin rabon sai an gama shi, musamman in ɗiya mace ce. Wanda ɗansa ke ajin BEPC bana, yanzu ne lokacin zuwa ganin malamin lissafinsa.