Matsalar Suna a Taskar Waƙoƙi ta Kwamfuta Bayan Ɓacewar Ajiya

A watan Maris na shekarar 2019 kamfanin MySpace na ƙasar Amurka ya fito fili ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora a shafinsa tun daga 2003 har zuwa 2015 sun salwanta, a lokacin da ake kwashe ajiyarsa daga tsofaffin na'urori zuwa sababbi. An ƙiyasta cewa abin da ya ɓace ya kai waƙoƙi miliyan 50 na mawaƙa kimanin miliyan 14, kuma da yawa daga cikinsu ƙananan mawaƙa ne waɗanda ba su da wani kamfanin faifai da ya ajiye musu kwafi. A watan Afrilu na wannan shekara sai cibiyar adana kayan tarihi ta Internet Archive da ke San Francisco ta fito da waƙoƙi kimanin 490,000 daga cikinsu, waɗanda wasu manazarta suka kwafa tsakanin 2008 da 2010 domin wani bincike nasu. Watau abin da aka ceto bai cika ɗaya bisa ɗari ba. Amma ko wannan ɗan kaɗan ɗin da aka samu bai zo da sunan da ɗan Adam zai karanta ya gane ba. Kowane fayil yana ɗauke ne da jerin lambobi da baƙaƙe da na'urar kamfanin ta raɗa masa. Abin da ya yi rana shi ne wani jadawali da ya zo tare da su, mai nuna wace lamba ce ta wace waƙa, kuma a kansa aka gina hanyar binciken da ake neman waƙa da sunanta.

Wannan maƙala za ta dubi wannan matsala ne, wadda take samun babban kamfani kamar yadda take samun malami ko ɗalibin da ya tara waƙoƙin nazarinsa a kwamfuta ko a katin waya. Dawo da sautin waƙa aiki ɗaya ne, dawo da sunanta kuma wani aiki ne dabam, kuma sau da yawa na biyun ya fi wuya.

Inda suna yake zama

Dalilin rabuwar waƙa da sunanta yana cikin yadda na'ura take ajiya. Faifan kwamfuta ko katin waya a rarrabe yake zuwa ƙananan gurabe masu lamba, kuma a cikinsu ake zuba sautin. Sunan fayil kuwa, da jakar da aka sa shi, da ranar da aka ajiye shi, ba a rubuta su tare da sautin. Suna can a wani wuri na musamman, wanda za a iya kwatanta shi da littafin rajista na laburare, inda aka rubuta cewa fayil mai suna kaza ya fara daga gurbi kaza ya ƙare a gurbi kaza. Idan mutum ya share fayil, ko ya yi wa kati fomatin na gaggawa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, galibi wannan rajista ce take lalacewa, sautin kuwa yana nan kwance har sai an zuba wani abu a kansa. Saboda haka ne masana suke cewa abu na farko da za a yi idan ajiya ta ɓace shi ne a daina amfani da faifan nan take, a ɗauki kwafinsa gaba ɗaya, a yi aikin ceto a kan kwafin, sa'an nan abin da aka ceto a zuba shi a wani faifai dabam. Ya kamata a lura cewa sababbin faifayen kwamfuta marasa juyawa sukan goge guraben da aka share da kansu ba da jimawa ba, don haka samun abu a cikinsu ya fi wuya.

Idan rajistar ta lalace sarai, akwai manhajoji irin su PhotoRec, wadda Christophe Grenier ya rubuta, masu bin faifai gurbi bayan gurbi suna neman alamar da kowane irin fayil yake farawa da ita. In sun same ta sai su yanko abin da ya biyo baya su mai da shi fayil. Tun da babu rajista, babu suna ke nan, sai manhajar ta raɗa wa kowane fayil harafin f da lambar gurbin da ta tsince shi. Mai taska zai wayi gari da dubban fayiloli a tule, babu jaka, babu tsari. Bugu da ƙari, waƙar da aka ajiye a warwatse cikin gurabe masu nisa da juna takan fito guntuwa, ko ta fito da kanta amma da wutsiyar wata.

Tambari da zanen yatsa

Hanya ta farko ta mayar da suna ita ce duba tambarin da ke cikin fayil ɗin kansa. A shekarar 1996 aka ƙirƙiro tsarin ID3, wanda ya keɓe gurbin harafi 128 a ƙarshen fayil na MP3: 30 domin sunan waƙa, 30 domin mawaƙi, 30 domin sunan faifai, 4 domin shekara, sauran kuma domin ɗan bayani da nau'in kiɗa. A 1998 aka fito da tsari na biyu, wanda ya mai da tambarin farkon fayil, ya faɗaɗa shi, ya kuma ba shi damar ɗaukar baƙaƙen harsuna daban-daban. Da yake tambarin yana tafiya tare da sautin, yakan tsira ko da rajista ta ƙone, kuma manhaja za ta iya karanta shi ta sake wa fayiloli dubu suna cikin mintoci. Sai dai tambari ba ya faɗin abin da ba a rubuta masa ba. Waƙar da aka kwafo daga kaset yawanci ba ta da shi, wadda aka sauko da ita daga intanet kuwa sau da yawa sunan shafin da ya rarraba ta ne yake zaune a gurbin mawaƙi.

Hanya ta biyu ita ce wadda ake iya kira zanen yatsan sauti. Manhaja takan saurari waƙa, ta auna yadda muryoyi suke hawa da sauka, ta taƙaita wannan zuwa jerin lambobi, sa'an nan ta gwada shi da waɗanda ke cikin wani babban rumbun bayanai. Shazam ta fara irin wannan aiki ga jama'a a Ingila a 2002. Masu gyaran taska sun fi amfani da manhajar Picard, wadda take dogara da rumbun MusicBrainz da tsarin AcoustID, kuma bisa al'ada mintoci biyun farko na waƙa take aunawa. Ga waƙar da wani kamfani ya buga a faifai, aka kuma shigar da bayaninta a rumbun, wannan hanya tana da kyau ƙwarai. Amma akwai abu biyu da suka iyakance ta. Rumbun bai san abin da ba a shigar masa ba, kuma abin da yake ganewa shi ne ɗauka guda ta musamman, ba waƙar ba. Idan mawaƙi ya sake rera waƙarsa a wani wuri, a wurin na'ura wannan sabon abu ne da ba ta taɓa ji ba.

Waƙar baka ta Hausa

A nan ne manazarcin waƙoƙin baka na Hausa yake gamuwa da wahalar da mai tara faifayen Turawa bai san ta ba. Makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa, da Alhaji Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, da Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, sun yi yawancin waƙoƙinsu ne a fada, ko a wurin biki, ko a gidan rediyo, kuma ta hanyar kaset da kwafin kwafi suka iso hannun jama'a. Sautin da ya bi ta rediyo, ya shiga kaset, ya sake fitowa daga rikoda mai gudu ko mai ja, ya riga ya sauya kama. Sa'an nan makaɗin baka ba ya maimaita waƙa daidai wa daida: yakan ƙara ɗiya, ya rage wasu, ya sako sunan wanda ya yi masa kyauta a wannan dare. Ɗauka biyu na waƙa ɗaya, a wurin mai nazari, matani biyu ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin nazarin. Manhajar da aka sa ta share maimaici bisa kamancin suna za ta iya hallaka ɗaya daga ciki ba tare da kowa ya sani ba.

Har ila yau, shi kansa sunan ba tsayayye ba ne. Makaɗin baka ba kasafai yake raɗa wa waƙarsa suna ba, masu sauraro ne suke kiranta, wani da sunan wanda aka yi wa, wani da sarautarsa, wani da kalmomin farko na amshi. Waƙar da Ɗanƙwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, alal misali, an fi saninta da Mai Dubun Nasara, amma wanda ya rubuta mata "Waƙar Sardauna" bai yi ƙarya ba, sai dai bai raba ta da waƙoƙin da wasu makaɗa suka yi wa Sardaunan ba. Haka kuma fayil mai suna Bakandamiya kawai bai gama bayani ba, domin Narambaɗa yana da tasa, Shata ma yana da tasa.

Akwai kuma matsalar baƙaƙe masu ƙugiya. Tsarin tambari na 1996 an gina shi ne a kan baƙaƙen harsunan yammacin Turai, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsa. Idan aka rubuta su, sai su koma alamar tambaya ko wani zane marar ma'ana, ita kuwa alamar tambaya Windows ba ta yarda da ita a sunan fayil, don haka wasu manhajoji sukan maye gurbinta da ɗan layi. Ta haka makaɗi ɗaya yakan rabu gida uku ko huɗu a taska guda: Ɗanƙwairo, Dankwairo, Dan Kwairo, da wani wanda harafinsa na farko ya ɓace. Taskar da ta haɗa kayan Nijeriya da na Nijar tana da ƙarin abin lura, domin sautin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, ƴ ake rubuta shi a Nijar. Tsarin Unicode ya ƙunshi dukan waɗannan baƙaƙe, saboda haka abin da ya rage shi ne a zaɓi ƙa'ida ɗaya a tsaya a kanta.

Idan tambari ya gaza, zanen yatsa ma ya gaza, babu abin da ya saura sai kunne. Tilas a zauna a saurari kowace waƙa, a rubuta amshinta da sunayen mutane da garuruwan da aka ambata, a gwada da matanin da aka riga aka rubuta, irin waɗanda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara a Diwanin Waƙoƙin Baka, a kuma kai wa tsofaffin 'yan amshi da ma'aikatan rediyo su ji. Sunayen da ke cikin waƙa sukan taimaka wajen kintatar lokaci, domin idan an kira mutum da sarautar da aka san shekarar naɗinta, ɗaukar ba za ta riga wannan shekara ba. Aiki ne mai cin lokaci, waƙar minti ashirin tana iya cin yini.

Wajen sake suna, abin da ya fi dacewa shi ne a ba kowace ɗauka lamba tata wadda ba za ta sake canjawa ba, a haɗa ta da sunan makaɗi da gajeren sunan waƙa cikin baƙaƙe marasa ƙugiya, domin kowace na'ura ta iya karantawa. Cikakken bayani kuwa, da rubutu bisa ƙa'ida, a sa shi a tambari, a kuma sa shi a jadawali na dabam: sauran sunayen da ake kiran waƙar, wanda aka yi wa, wurin ɗauka, shekara, da inda kwafin ya fito. Kada a jefar da lambar da manhajar ceto ta bayar, domin fayilolin da aka zuba lokaci guda sukan kwanta kusa da juna a faifai, kuma wannan maƙwabtaka takan nuna waɗanda suka fito daga kaset ɗaya. Inda aka yi zato, a rubuta cewa zato ne, tare da dalilinsa, domin sunan da aka ƙaga yau shi ɗalibi zai kafa hujja da shi a kundinsa gobe. Shi kuma jadawalin a ajiye kwafinsa a wurin da ba ya tare da waƙoƙin, har da bugawa a takarda.