Dashen hanta: an tsira daga wuƙa, saura fumfuna

Ciwon hanta, musamman wanda likitoci ke kira epatit B, ya daɗe yana cin mutane a ƙasarmu. In hanta ta ƙeƙashe, ko sankara ta kama ta, mai hali yakan haɗa miliyoyin sefa ya nufi Indiya, Turkiyya ko Faransa a dasa masa wata, sau da yawa yanki ne daga hantar ɗansa ko ƙanensa. Ranar da ya sauka Yamai, dangi su cika gida da barka, kowa na ganin an gama. Alhali da sauran rina a kaba.

Tun 1963 da likita Thomas Starzl ya gwada dashen farko a birnin Denba na Amurka, babbar matsala ita ce jiki ba ya son baƙo. Garkuwar jiki na ganin sabuwar hanta sai ta far mata. Sai da maganin siklosporin ya shigo a farkon shekarun 1980, takrolimus ya biyo baya, sannan masu dashe suka fara yin tsawon rai. Aikin waɗannan magunguna shi ne kwantar da garkuwar, kuma shan su na har abada ne. To amma mai gadin da aka sa barci don kada ya kori baƙo, ɓarawo ma ba zai kora ba.

Ɓarawon a nan shi ne fumfuna, dangin wadda ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu. Mai lafiya na shaƙar ƙwayoyinta kullum ba abin da ke samunsa. Ga mai dashe kuwa tana iya shiga jini, huhu ko ƙwaƙwalwa. Wadda ta fi yawa ita ce kandida, mai zama cikin hanjin kowa. Takan ɓalle a makonnin farko, tun majinyaci na asibiti, musamman in ƙodarsa ta gaza, ko an sake buɗe cikin, ko dashe na biyu ne. Wannan likitocin can ke fama da ita, sukan ma ba masu haɗari magani tun ba ta zo ba.

Wadda ta shafe mu ita ce mai jira a gida. Asperjilus na zaune cikin ƙura, ruɓaɓɓen ganye, tsohon gini da hatsin da ya sha danshi. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ya ji ƙarfi ya dawo, wurin da zai fara leƙawa mangazarsa ce, ya tsaya ana sauke buhunan gujiya da masara, ƙura na tashi. Nan take shiga huhu. Abin takaici, ƴar gidan ce, asperjilus flabus, ke zuba gubar aflatoksin cikin gujiya, gubar da ke haɗa kai da epatit B wajen jawo sankarar hanta. Wata kila ita ta kai shi ga dashen tun farko.

Akwai kuma kriptokokus, mai son kashin tantabara, ga gidajenmu da ɗakunan tantabaru. Ita ba ta gaggawa, takan bari shekara ta wuce, sa'an nan ta kawo sanƙarau mai tafiyar hawainiya: ciwon kai na makonni, mantuwa, rikicewar magana. Mu da muka saba da sanƙarau mai kayarwa cikin kwana ɗaya lokacin zafi, wannan ba mu gane ta da wuri. A 2022 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari, ta sa kriptokokus da asperjilus fumigatus da kandida iri biyu a sahun gaba.

Inda gizo ke saƙa shi ne alamun ba su da ƙarfi, don maganin dashe na danne zazzaɓi. Ɗan zafin jiki, a ce masassarar sauro ce. Tari, a ce tarin fuka. A aiki yaro farmasi ya sayo antibiyotik, wanda ba ya taɓa fumfuna ko kaɗan. Kwanakin da aka ɓata a nan su ke raba mai tashi da mai tafiya.

Magani akwai: flukonazol, borikonazol, amfoterisin B. Sai dai ba na saye a sha ba ne. Biyun farko na hana jiki narkar da takrolimus, ya taru cikin jini har ya lalata ƙoda, don haka dole a riƙa auna jini ana daidaita ƙwayar. Na ukun shi kansa mai wahalar da ƙoda ne.

Saboda haka, kafin mai dashe ya baro asibitin waje, ya karɓo cikakkiyar takardar jinyarsa da lambar likitansa, ya kuma san likitan da zai bi shi a Yamai da inda za a riƙa auna masa takrolimus. Kuɗin wannan bibiya a ware su tare da kuɗin jirgi. Rumbu, mangaza, rushe gini da sharar ɗakin tantabara a bar wa yara, in hazo ya sauko ya rufe hanci. Duk likitan da ya je wurinsa, ko kan ciwon haƙori ne, kalmarsa ta farko ta zama: an yi mini dashen hanta, ga magungunan da nake sha.