Mai Ciwon Suga da Kula da Ƙafa a Makka

Ciwon suga yana raunana jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka abu mai zafi ko ya ji rauni bai sani ba. Haɗarin ya fi yawa a Makka: sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kilomita 3, kuma a Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50. Alhajin da takalminsa ya ɓace a ƙofar Harami, ya bi kwalta ba takalmi, yana iya ƙona tafin ƙafarsa. Don haka in za ka shiga Harami sa takalminka cikin jaka, kuma kada ka yi tafiya da takalmi sabo fil. Bayan alwala, tsane tsakanin yatsu. Kowane dare duba ƙafarka. In ka ga ƙuna, tsagewa ko kumburi, garzaya wajen likita.