An Ga Ƙululu a Wuya: Daji Ne Ko Ba Daji Ba?

A Shinaka da sauran garuruwan Goronyo, Wurno da Raba, maƙoƙo ba baƙo ba ne. A da, sai ya kumbura kowa ya gani kafin a san da shi. Yanzu kuwa mace takan je asibiti a Sakkwato, a goga mata na'urar sikanin a wuya, ta komo da takarda cewa an ga ƙululu. Daga ranar barci ya ƙaurace wa gidan, don an ji ana raɗe-raɗin ciwon daji.

Mai karatu, kwantar da hankalinka tukuna. Ƙululun yakan fito ne a wata 'yar tsoka da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayrod. Na'urar nan tana da ido ƙwarai. In aka duba manya masu lafiya, kusan rabinsu za a ga wani abu, mata sun fi yawa. Cikin ƙululu 10 kuwa, wajen 9 ba daji ba ne.

Girma kaɗai ba ya nuna hatsari, siffa likita ke dubawa. Ƙululun da ke cike da ruwa zalla da wuya ya zama daji, ko ya kai ƙwan kaza. Wanda ake tuhuma shi ne cunkusasshe, mai duhu a hoto, gefensa ba sumul ba, da ɗigo-ɗigon fari a ciki kamar yashi. Irin wannan, in ya kai santimita 1, akan sa siririyar allura a zuƙo ɗan abin da ke ciki a duba, a babban asibiti kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ko an tarar daji ne, yawancin dajin tayrod yana jin magani in an yi aiki da wuri.

Amma in murya ta dushe ba mura, ko haɗiya ta yi wuya, ko ƙululun yana girma cikin 'yan makonni, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya, kada a ce sai an sayar da albasa. Kada kuma a bar wanzami ya yi tsaga a wurin, jijiyoyin jini manya suna nan kusa.

Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri don hana maƙoƙo. Uwargida ta sayi na leda, ta rufe shi, ta kau da shi daga rana. Sai dai gishiri ba ya maye gurbin gwaji, don haka a ajiye takardar sikanin ta farko, likita zai gwada ta da ta gaba ya ga ko ƙululun ya ƙaru.