Naman Daji Ya Shigo Gida: Wuƙa Da Turmi Sun Isa

Shekarun baya, lokacin da muke koyarwa a wani ƙauye kusa da Ejura, mahaifin wani ɗalibinmu ya aiko mana da cinyar gada biyu a nannaɗe cikin ganye. Uwargida ta ce a niƙa a yi wa yara ƙwallon nama. Muka tura yaro gari a kan keke wajen mai inji. Ashe tun safe aka ɗauke wuta. Yaro ya zauna jira har la'asar, nama na cikin leda, rana tana dukansa. Da ya dawo ba sai an kwance ba, hanci ya riga ya ba da labari. Muka haƙa rami muka binne. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana kallo ta kan danga, sai ta ce, "Malam, wai turmin gidan nan na ado ne?" Ba mu da amsa. Washegari kuma da dattijon ya tambaye mu yadda naman ya yi, muka rasa bakin magana.

Tun daga ranar muka shiga tambayar tsofaffi da mahauta da maharba. Abin da muka tsinta shi ne muka ga ya dace mu kawo wa 'yan uwa mazauna zango, domin da yawa daga cikin 'ya'yanmu sun tashi ba su san nama ba sai wanda aka yanka aka ba su a leda.

Kafin a ɗora tukunya

Tambaya ta farko ita ce: yaya dabbar ta mutu? Wannan tambaya ce ta addini, kuma ta lafiya ce. Wadda tarkon waya ya shaƙe har ta mutu mushe ce, domin Suratul Ma'ida ta lissafa shaƙaƙƙiya cikin abin da aka haramta. Wadda aka harba aka tarar da sauran rai, sai an yanka. Gadu kuwa ba ma a maganarsa. Gyazbi, wanda maƙwabtanmu Tonawa ke kira akrantie, akwai gidajen da ke ci, akwai waɗanda ba sa ci. Wannan tsakanin mutum ne da malaminsa.

A babbar kasuwa irin Atwemonom ta Kumasi, yawancin naman a mace yake isowa, mai saye bai san hannun da ya kashe ba. Wani abin tsoro kuma shi ne akwai marasa imani da ke zuba maganin ƙwari a abinci su kashe dabbobi, kuma dahuwa ba abin dogaro ba ce wajen kashe irin wannan guba. Saboda haka a sayi nama wurin maharbin da aka sani, a kuma nemi ganin wurin yanka ko wurin harbi. Dabbar da aka tsinta a mace, komai ƙibarta, a bar wa ungulu. Ba mu manta da Ebola ta 2014 a Gini da Laberiya da Saliyo ba, ga kuma Marburg da ta ɓulla a yankin Asante a 2022. Duka biyun ana danganta su da jemagu, shi ya sa jemage da biri ba su da wuri a tukunyarmu.

Sai doka. A nan Gana, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta kowace shekara, domin lokacin ne dabbobi ke ɗauke da ciki ko suke shayarwa. Gyazbi kaɗai aka keɓe, shi ma sai da lasin. Giwa da ɗankunya ba a taɓa su ko da wane lokaci, gandun daji irin na Mole kuwa ba wurin farauta ba ne. Baƙo ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma, kuma idan aka kama mutum ɗaya, sunan zango duka ake kira.

Gyara

Naman daji ba ya jira. A fitar da kayan ciki da wuri, a yi hattara kada wuƙa ta huda hanji ko mafitsara ko matsarmama, domin da zarar sun fashe sun ɓata tsoka. Gada da zomo fiɗe su ake yi, gyazbi kuwa babbaka shi ake yi a kankare. Mai rauni a hannu kada ya taɓa ɗanyen nama, kuma bayan an gama a wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu.

Idan bindiga ce ta kashe, a bi wurin harbi da yatsa a tsamo ƙwayoyin harsashi, a yanke naman da ya taru da jini a kewayen, kamar faɗin yatsa uku, a zubar. Harsashin dalma ne, dalma kuwa tana cutar da ƙwaƙwalwar yara da mai ciki. A nan ne ma hannu ya fi inji: inji zai niƙe dalma da nama gaba ɗaya, wuƙa kuwa tana jin ta.

Daga nan sai a zauna a ɗaye farin tantanin da ke lulluɓe da tsoka, a zare jijiyoyi. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne rabin nasara. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Dabbar da ta ƙare rayuwarta tana tsere wa maƙiyi, namanta tauri ne da shi, kuma ba shi da kitse. Tantani da jijiya su ke sa a yi ta tauna ba a haɗiye ba. A jiƙa naman cikin ruwan gishiri da lemun tsami da dakakkiyar citta na kamar rabin awa don rage ƙarni. Idan tsohuwar dabba ce, a murje ganyen gwanda a nannaɗe naman a ciki na awa ɗaya a wuri mai sanyi. Ruwan gwanda yana sassauta tsoka, amma idan ya daɗe sai naman ya yi laɓo.

Sara da wuƙa

Mai son nama kamar na inji ya wasa wuƙa mai nauyi, ya nemi katako mai kauri. Mai firiji ya sa naman ya ɗan ƙanƙare, ba ya daskare ba, domin nama mai sanyi ya fi yankuwa. A yanka shi sala-sala ana gitta zaren tsoka, ba ana bin sa ba. A mayar da salar siri-siri, a sake yankawa ƙanana kamar ƙwayar masara. Sai a tara a yi ta sara, ana tattarowa ana juyawa. Kada a cika katako, dunƙule ɗaya a lokaci guda ya isa. Tunda ba shi da mai, a haɗa kashi ɗaya na kitsen sa da kashi huɗu na nama a sare tare, in ba haka ba ƙwallon zai bushe kamar ƙuli-ƙuli. Saran nama ya fi dunƙule saurin lalacewa, don haka da an gama sai wuta, kuma a dafa har ja ya ɓace a tsakiya.

Turmi da taɓarya

Abin da tsohuwar nan take nufi ke nan, wato dambun nama. A tafasa tsoka da albasa da tafarnuwa da citta da kanumfari da masoro da gishiri, a kan wuta kaɗan-kaɗan, har ruwa ya tsotse naman ya fara rabuwa da kansa. Na gada yakan ci awa biyu ko fiye. A daka shi da ɗuminsa, ba da ƙarfi ba, har ya warware ya zama zare-zare, ana tsince guntun ƙashi. A soya da man gyaɗa ana juyawa ba tsayawa har kumfa ta kwanta ya bushe ya yi ja. A tsame, a matse mai, a barbaɗa yaji. Idan ya soyu sosai, aka bar shi ya huce kafin a rufe a kwalba, zai yi makonni babu firiji. Tsoho mara haƙori zai ci, ɗan makarantar kwana kuma ya samu guzuri.

Rana da hayaƙi

Lokacin da ake buɗe farauta ya zo daidai da shigowar hunturu, lokacin kilishi ke nan. A fere tsokar cinya fale-fale, a shanya a kan asabari inda kare da ƙuda ba za su kai ba. Idan ta bushe a tsoma cikin kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa a kan garwashi. Kada a tsallake gashin, domin rana busarwa take yi, wuta ce ke dafawa. Mu da ke kudu, inda iska ke da laima, banda ta fi mana: a shafa gishiri, a jera a kan waya nesa da harshen wuta, ana juyawa, a riƙa maimaitawa bayan kwana biyu ko uku. Ƙashi da haƙarƙari da wuya kuwa na farfesu ne, da kimba da attarugu da daddawa.

Bara an sake kawo mana gada, bayan an buɗe farauta. Muka tara yaran gida maza da mata, wannan na ɗaye tantani, wancan na riƙe taɓarya. Kafin magariba an cika kwalba uku, ɗaya muka aika wa wanda ya kawo. Muna roƙon iyaye su riƙa zaunar da yara kusa idan ana irin wannan aiki, domin ba ya cikin littafin da muke koyarwa a aji. Allah ya ba mu halal, ya kare mu daga cuta. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.